Masallaci a Tsohon Gini: Wa Ke da Ikon Taɓa Bangonsa?



A gabashin birnin Landan, a mahaɗar titin Brick Lane da titin Fournier, akwai wani gini na jan bulo mai dogayen tagogi, wanda dubban Musulmi ke cika shi kowace Juma'a. An gina shi a 1743, kuma ba Musulmi ne suka gina shi ba. Kiristocin Faransa ne 'yan Furotesta, waɗanda suka tsero daga ƙasarsu bayan da Sarki Luwis na 14 ya soke dokar da ta ba su 'yancin ibada a 1685. Da yawansu masaƙan siliki ne. Da zuriyarsu ta narke cikin Turawan Ingila, sai ginin ya koma hannun mabiya ɗarikar Metodis a 1819. A ƙarshen ƙarni na 19 Yahudawan da suka gudo daga Rasha da gabashin Turai suka mayar da shi wurin ibadarsu. Su ma da suka tashi zuwa wasu unguwanni, sai Musulmin Bangaladesh, akasarinsu mutanen yankin Silet, suka saye shi, aka buɗe shi a matsayin masallacin Juma'a a 1976.

Kuɗinsu suka sa, takardun mallaka kuma suna hannunsu. Amma tun a 1950, shekara 26 kafin a yi kiran sallar farko a cikinsa, gwamnati ta riga ta shigar da ginin cikin rajistar gine-ginen tarihi da doka ke karewa. Ma'anar wannan ita ce, kwamitin masallacin ba shi da ikon fasa bango, ko toshe taga, ko cire matakala, sai ya rubuta takarda ya nemi izini, ya kuma jira amsa. Wannan ne ya sa na ɗauko labarin, domin tambayar da ke ciki ta shafi duk wanda ke riƙe da makullin tsohon masallaci: shin mallakar gini tana ba mutum damar yi masa abin da ya ga dama?

Dokar da ake aiki da ita yanzu a Ingila ta 1990 ce. Gine-ginen da ke cikin rajistar sun doshi 400,000, an kuma kasa su daraja uku. Sama da kashi 90 cikin ɗari suna daraja ta biyu. Kusan kashi 6 suna wani matsayi da ake kira daraja ta biyu mai tauraro, a nan masallacin Brick Lane yake. Ragowar 'yan kaɗan, wajen kashi 2 da rabi, su ne na daraja ta ɗaya. Kowace daraja gini yake, kariyar ta haɗa da cikinsa da wajensa da duk abin da aka kafe a jikinsa, har da katanga ko ɗakin da ke harabarsa idan sun girmi watan Yulin 1948. Mutane da yawa suna zaton fuskar ginin kawai doka ta sani, ciki kuwa na mai gida ne. Wannan zaton ya kai wasu gaban alƙali.

Lallai kuwa har gaban alƙali, domin taɓa irin wannan gini ba da izini ba babban laifi ne. Hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara biyu, ko tara wadda doka ba ta yanka mata iyaka ba, ko duka biyun. Ba mai gida kaɗai ake kamawa ba, har maginin da ya ɗaga guduma. Kuma laifin ba ya tsufa: ko bayan shekara talatin hukuma tana iya ba da umarnin a mayar da gini yadda yake, umarnin kuma yana hawa kan wanda ke riƙe da ginin a lokacin, ko da ba shi ya yi ɓarnar ba. A 2015 wani kamfani ya rushe wata tsohuwar mashaya mai suna Carlton Tavern a Landan, ana gab da shigar da ita rajista. Ba wuri ba ne da mai wa'azi zai yi kukan rushewarsa, amma abin da ya biyo baya ya isa ishara. Majalisar Westminster ta tilasta a sake gina ta daidai da siffarta ta farko, aka kuwa yi, ta sake buɗewa a 2021.

To, yaya ake neman izinin? Majalisar ƙaramar hukuma ake kai wa buƙata, ba a biyan ko sisi na takardar kanta. Kuɗin yana tafiya ne wajen ƙwararrun da za su shirya ta. Ana son zanen ginin yadda yake a yau, da zanen yadda ake so ya koma, da hotuna, da irin kayan da za a yi aiki da su. Sai kuma wata takarda wadda ita ce zuciyar al'amarin: bayanin abin da ya ba ginin darajarsa, da abin da aikin zai cutar a cikin wannan darajar, da dalilin da ya sa ba makawa sai an yi shi. Majalisa takan liƙa sanarwa a jikin wurin, ta ba maƙwabta da duk mai magana kwana 21 su faɗi ra'ayinsu. Idan ginin na daraja ta ɗaya ne ko ta biyu mai tauraro, dole a sanar da hukumar Historic England. Idan kuma akwai rushe wani sashe, ana sanar da wasu tsofaffin ƙungiyoyin kare gine-gine, wadda ta fi daɗewa a cikinsu an kafa ta tun 1877. An ɗiba wa majalisa mako takwas ta yanke hukunci, ko da yake manyan ayyuka sukan zarce haka. Wanda aka hana yana da wata shida ya ɗaukaka ƙara. Wanda aka ba kuwa, shekara uku yake da ita ya fara aiki, in ba haka ba izinin ya faɗi.

Mai hankali ba ya jiran ya gama zane kafin ya nemi jami'in majalisa mai kula da gine-ginen tarihi. Tun yana tunanin aikin yake kiransa, su zaga wurin tare. A irin wannan zagayen ake gane abin da za a yarda da shi da abin da ba za a ko saurara ba, a huta da asarar kuɗin jama'a kan zanen da za a jefar.

Inda abin ke yin tsauri shi ne, buƙatun masallaci ba su ne buƙatun cocin da aka gina a ƙarni na 18 ko na 19 ba. Masallaci yana son fili shimfiɗaɗɗe, coci kuwa cike take da bencina kafaffu, wasunsu ma suna cikin abin da doka ta kare. Masallaci yana son wurin alwala, ruwa kuwa shi ne babban abokin gabar tsohon gini. Ana son sashen mata da ƙofarsu, da wurin ajiye takalma, da hanyar da tsoho ko mai keken guragu zai hau bene. Alƙibla daga Landan kudu maso gabas take, bangon ginin kuwa titi ya bi, bai san da Makka ba. Ga kuma mas'alar da ta fi damun malamai: hotunan mutane da gicciye a gilasan tagogi ko a sassaƙe jikin bango.

Ƙa'idar da masu wannan fanni suka fi karɓa ita ce a yi aikin da za a iya warwarewa. A rufe maimakon a fasa. A kafa katangar katako wadda gobe za a iya ɗauke ta, maimakon bulo da siminti. A karkata layin sahu a kan darduma, a bar bango inda yake. Musulmi ba baƙi ba ne ga wannan dabara. Usmaniyawa sun shafe hotunan da ke Aya Sofiya ta Istanbul da yaɓe, ba su farfasa su ba, shi ya sa aka same su a ƙarƙashinsa a ƙarni na 20, kuma tun da aka mayar da wurin masallaci a 2020 labule ake ja a rufe waɗanda ke fuskar alƙibla. Sallah ta inganta, ginin kuma bai rasa komai ba.

Haka nan jami'an sukan kafe a kan kayan aiki. Ba sa yarda a cike tsakanin tsohon bulo da siminti, sai da kwaɓin farar ƙasa irin wanda aka yi ginin da shi tun farko, domin siminti yana tsare danshi a cikin bango, bulo ya riƙa ruɓewa ta ciki. Duk wanda ya taɓa ganin yaɓen siminti ya ɓallo daga katangar ƙasa bayan damina, ya tarar da cikinta ya zama gari, ya san ba fitina ce ta sa suke faɗin haka ba.

A Brick Lane an yi wa cikin ginin babban gyara a 1986, aka cire tsofaffin barandun katako da masu ibada na da ke zama a kai, aka mayar da wurin sallah hawa biyu. Bangon waje kuwa da tagoginsa, da agogon rana da ke goshin ginin mai ɗauke da shekarar 1743, duk suna nan. Sai maganar hasumiya. Jama'a suna son alamar da baƙo zai hango ya san masallaci ne, amma ɗora hasumiya a kan rufin ginin da ya haura shekara 260 abu ne da da wuya wata hukuma ta sa masa hannu. Mafitar da aka samu a 2009 ita ce a kafa ta a gefe, a bakin titi, tana tsaye da gindinta: doguwa siririya ta ƙarfen da ba ya tsatsa, kusan mita 29, da jinjirin wata a kanta. Ba kowa ne ya so ta ba a unguwar, an yi ta muhawara. Amma idan wata rana aka ga dama a sauke ta, tsohon ginin zai tsaya yadda masaƙan Faransa suka bar shi.

Akwai ƙorafin da Musulmin Ingila ke da hujjar yi. Ɗariku biyar na Kirista, wato Cocin Ingila da Katolika da Metodis da Baftis da wata haɗaɗɗiyar coci ta Furotesta, an ɗauke musu zuwa majalisa neman wannan izini a kan wuraren ibadarsu. Masallatai ba su da wannan rangwame, haka ma wuraren ibadar Yahudawa. Sai dai adalci ya sa a faɗi dalilin: waɗannan ɗariku sun kafa kwamitocinsu na cikin gida masu ƙwararru, da tsarin sauraron jama'a da na ɗaukaka ƙara, gwamnati ta duba ta gamsu. Ba a sake su haka kawai ba. A ganina ƙorafin ya fi komawa kanmu, mu da kowane masallaci ke cin gashin kansa. Kuma dokar nan da ke ɗaure hannun kwamiti ita ce ta ɗaga masallacin Shah Jahan na garin Woking, wanda aka gina a 1889 da taimakon sarauniyar Bopal ta Indiya, zuwa daraja ta ɗaya a 2018, sahu ɗaya da manyan fadoji da majami'un ƙasar. Yanzu ba wani attajiri ko ɗan siyasa da zai iya kawar da shi.

Ɗalibi zai iya tambaya: ya halatta ɗakin Allah ya jira sa hannun jami'in da ba ya sallah? Wani kuma zai ce, ai damuwa da tsofaffin gine-gine ƙofa ce ta wuce gona da iri, ba ga shi an ruwaito Sayyidina Umar ya sa an sare bishiyar da mutane suka riƙa zuwa yin sallah a gindinta ba? Amsar ta farko gajeriya ce. Wanda ya sayi gini yana sane da sharaɗin da ke kansa ya karɓi sharaɗin ke nan, Musulmi kuwa yana kan sharaɗinsa matuƙar bai halatta haram ko ya haramta halal ba. Ba wanda ya hana shi sallah, an dai ce kada ya fasa bango sai an duba. Ta biyun kuma, abin da Umar ya toshe shi ne neman tabarruki da wurin da Shari'a ba ta ba shi wannan matsayi ba. Hana gaggawar rushe gini wani babi ne daban, kuma mafi girman misalinsa yana cikin tarihin Ka'aba kanta.

Ƙuraishawa sun sake gina Ka'aba shekara biyar kafin Annabci. Dukiyar halal da suka tara ta gaza, sai suka rage tsawonta ta ɓangaren Hijiri, suka kuma ɗaga ƙofarta sama domin su shigar da wanda suka so. Bayan an ci Makka, iko duka yana hannun Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kuma san ginin ba ya kan harsashin Annabi Ibrahim gaba ɗaya. Duk da haka bai taɓa shi ba. Buhari da Muslim sun ruwaito ya bayyana wa Nana A'isha cewa sabuntar mutanenta a Musulunci ce ta hana shi, don kada zukatansu su ƙi abin. Mai karatu ya lura: gyaran daidai ne, mai ikon yi yana nan, amma aka bari saboda jama'ar da ginin ke da matsayi a ransu.

A shekara ta 64 bayan hijira gobara ta raunana Ka'aba lokacin da rundunar Sham ta kewaye Makka. Abdullahi ɗan Zubairu, wanda ke riƙe da garin, bai sa guduma ba sai da ya tara mutane ya nemi shawara. Abdullahi ɗan Abbas ya ba shi shawarar ya gyara abin da ya raunana kawai, ya bar ɗakin da duwatsun da mutane suka musulunta suka tarar. Wannan ra'ayi na Ibnu Abbas, a gyara mafi ƙarancin abin da ya wajaba a bar sauran, shi ne kusan kalma da kalma abin da masu kula da gine-ginen tarihi ke koyarwa a yau. Ibnu Zubairu ya yi istihara kwana uku, ya zaɓi rushewa da ginawa bisa abin da ya ji daga ƙanwar mahaifiyarsa A'isha. Amma dubi yadda ya yi: ya tono harsashin ya sa mutane suka gani da idonsu, ya kuma kafa ginshiƙai ya rataya labule domin masu sallah kada su rasa abin fuskanta har aka gama.

Da aka kashe shi a shekara ta 73, Hajjaju ɗan Yusufu, duk da abin da aka san shi da shi na ƙarfin hali, bai taɓa ginin da ra'ayin kansa ba. Wasiƙa ya rubuta wa Halifa Abdulmalik ɗan Marwan yana neman umarni. Amsa ta zo cewa a bar ƙarin tsayin da aka yi, a fitar da Hijiri, a toshe ƙofa ta biyu. Daga baya wani amintacce ya shaida wa Abdulmalik cewa shi ma da kunnensa ya ji hadisin daga A'isha, sai halifan ya yi nadama, ya ce da ya sani da ya bar ginin yadda yake. An nemi izini, an bayar, amma mai bayarwar bai bincika ba, aikin kuma ya riga ya wuce. Abin da kwana 21 na sauraron jama'a ke ƙoƙarin karewa ke nan.

Da mulki ya koma hannun Abbasiyawa, ɗaya daga cikin halifofinsu, an fi ambaton Haruna Rashid, ya so ya mayar da ginin Ibnu Zubairu. Ya tambayi Imamu Malik. Malik ya roƙe shi don Allah kada ya mayar da ɗakin abin wasan sarakuna, kowa ya hau ya rushe ya gina, har kwarjininsa ya fita daga zukatan mutane. Halifa ya janye. Malami ne ya hana mai mulki izinin taɓa gini, alhali hadisi yana bayan mai mulkin.

Fiƙihun waƙafi a kan wannan turba ya tafi. Mai kula da waƙafi amintacce ne, ba mamallaki ba, kuma manyan canje-canje ana kai su gaban alƙali. Malikiyya sun tsananta har suka hana sayar da gidan waƙafi ko da ya zama kango, sai don faɗaɗa masallacin Juma'a ko hanya ko maƙabarta. Hambaliyya sun sassauta, suna kafa hujja da yadda aka ɗauke masallacin Kufa daga wurinsa bayan an yi sata a baitulmali, tsohon filin ya zama kasuwar masu dabino. Ko a nan ma, umarnin daga Halifa Umar ya fito a rubuce, ba wani mai kuɗin unguwa ne ya wayi gari ya kira magina ba.

Sai dai jira yana da iyaka, iyakarsa kuwa rai. A 1630 ambaliya ta zubar da bangayen Ka'aba, aka sake gina ta a zamanin Sarkin Musulmi Murad na huɗu, domin larura ta zo. Dokar Ingila ma ta bar wannan ƙofa: wanda ya yi aiki ba izini yana da kariya idan ya nuna aikin na gaggawa ne don tsare lafiyar mutane ko ginin, bai wuce abin da ya wajaba ba, kuma ya sanar da majalisa a rubuce da wuri. Ba kuma a bar mai gini ya zuba masa ido ya ruɓe ba, majalisa tana iya aika masa takardar tilasta gyara.

Wannan ɓangaren ne ya fi kusa da mu. Nijeriya tana da hukumar kula da gidajen tarihi da kayayyakin tarihi ta ƙasa tun 1979, dokarta kuma ta hana rushe ko canza ginin da aka ayyana ba tare da izininta ba, irin su hasumiyar Gobarau ta Katsina da Gidan Makama na Kano. Amma yawancin tsofaffin masallatanmu na ƙasa da azara ba sa cikin kowace rajista. Haɗari biyu suke fuskanta: mai kyautar da zai aiko da motar rusau ranar Asabar ya yi alkawarin tayil da gilashi, da kuma tsagar bango da kowa ke gani ba wanda aka ɗora wa alhakin dubawa. A ranar 11 ga Agusta 2023, wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani na shekarun 1830, ya rufta a kan masu sallar La'asar, rayuka suka salwanta, Allah Ya jiƙansu.

Kwamitin da ke riƙe da irin wannan masallaci ba ya buƙatar jiran wata doka daga Abuja kafin ya ɗauki hoton ginin ciki da waje, ya sa a auna shi a zana, ya kira injiniya tare da tsohon magini na gargajiya su duba rufi da gindin bango kafin kowace damina da bayanta. Idan ginin yana cikin waɗanda aka ayyana, ofishin hukumar da ke gidan tarihi na jiha ake fara zuwa. Idan ba ya ciki, akwai masarauta da limamai da zuriyar wanda ya yi waƙafin, kuma shawarar da za a yanke a rubuta ta, a karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a, a ba su mako biyu ko uku kafin a kira mai guduma.